Dabbobin teku marasa ƙashin baya: tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa duk lokacin da hira ta biyo ta kan halittun cikin teku, wasu daga ɗalibai masu karatun bayoloji, wasu kuma daga mutanen da suka ga bidiyon wata halitta a waya suka rasa ina ne kanta ina ne gindinta. Wasu amsoshin sun yi tsawo wasu kuma layi uku sun ishe su. Sunayen da babu su a Hausa na rubuta su yadda ake furta su, wasu kuma na ba su sunan da ya dace da siffarsu.

Wai me ake nufi da dabba marar ƙashin baya?

Kai hannu ka shafa tsakiyar bayanka, wannan jerin ƙasusuwan da ka ji tun daga ƙeya har kwankwaso shi ne ƙashin baya. Kifi na da shi, kwaɗo na da shi, maciji da tsuntsu da mutum duk haka. To duk dabbar da ba ta da wannan jerin ita ce marar ƙashin baya, shikenan ma'anar. Abin mamakin dai yawansu ne, don a cikin nau'o'in dabbobin da aka sani sama da kashi 95 cikin 100 ba su da shi, kaga ashe mu masu ƙashin ne 'yan tsiraru.

Amma fa sunan ba dangi yake nufi ba, nan ne mutane da yawa suke zamewa. Kamar ka tara jama'a ne ka ce duk wanda ba shi da mota ya koma gefe guda, ai waɗanda suka koma gefen ba 'yan uwan juna ba ne, rashin abu ɗaya ne kawai ya haɗa su. Linnaeus ɗan ƙasar Swidin, wanda ya kafa tsarin raɗa wa halittu suna da ake amfani da shi har yau, a 1758 gida biyu kacal ya yi musu: ƙwari da tsutsotsi. Kaguwa ya jefa ta cikin ƙwari, su katantanwa da oktofus mai hannu takwas da murjani da tauraron teku duk ya tarkata su ya ce tsutsotsi ne. Sai da Lamarck na Faransa ya zo daga baya ya zauna ya fara warware wannan tarkacen, kuma daga wajensa sunan "marasa ƙashin baya" ya samu gindin zama.

To da me ake rarraba su?

Ba da kamannin waje ba dai, don a teku kama da wane ba ta wane. Tsarin ginin jiki ake dubawa. Farko a tambaya, in aka tsaga dabbar nan gida biyu tana da dama da hagu masu kama da juna kamar kaguwa, ko kuwa jikinta zagaye yake kamar tayar keke ta ko'ina ka tsaga daidai ne, ko kuma ba ta da wani fasali sam. Sannan a duba lokacin da take ɗan tayi shimfiɗar ƙwayoyin halitta nawa ce ta gina jikin, biyu ko uku. A duba hanji, ƙofa ɗaya gare shi da abinci ke shiga kashi ya fita ta nan, ko akwai baki daban dubura daban. A duba me ke riƙe da jikin, ɓawo ne a waje, ko wasu 'yan ƙasusuwa a ƙarƙashin fata, ko ruwa ne kawai aka matse a ciki kamar balan-balan.

Wanda ya fi tona asiri kuma shi ne jinjiri. Dabbobin teku da yawa in sun ƙyanƙyashe ba sa kama da iyayensu ko kaɗan, wasu ƙananan abubuwa ne masu yawo a ruwa, kuma sau da yawa a jikin jinjirin ake gane dangin da babba ya ɓoye. Yanzu kuma ga gwajin DNA, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin halitta, ya zo, ya tabbatar da wasu abubuwan ya rushe wasu.

Da wannan aka samu manyan gidaje na dabbobi sama da 30, kuma duk masu ƙashin baya, daga kifi har mutum, ɗaki ɗaya ne a cikin gida guda. Waɗanda za ka fi cin karo da su a teku su ne gidan soso, gidan jelifish da murjani, gidan katantanwa da oktofus, gidan kaguwa, gidan tauraron teku, sai gidajen tsutsotsi da suke da yawa.

Soso dabba ne ko tsiro?

Ba soson nan da ke yaɗo a jikin shinge nake nufi ba, wannan tsiro ne. Na teku dabba ne, duk da in ka gan shi manne a jikin dutse ba motsi ba ido ba baki za ka rantse ba shi da rai. Gidansu ake kira Forifera, wato masu huji, don jikin duk ƙananan huji ne. A ciki akwai wasu ƙwayoyin halitta kowacce da 'yar bulalarta, su ne suke ta kaɗawa dare da rana suna jawo ruwa ta ƙananan hujin, su tace abincin da ke ciki, ruwan ya fita ta babbar ƙofa a sama. Masu nutso sukan gwada wannan, sai su zuba ruwan kala a gindin soson, kafin ka ƙirga goma sai ka ga kalar tana tuɗaɗowa ta saman kamar hayaƙi daga bututu. Ba zuciya, ba ciki, ba jijiya ko ɗaya, amma famfo ne da ba ya hutawa.

Abin da ke riƙe da jikinsa wasu 'yan allurai ne, na wasu irin sinadarin alli ne na wasu kuma na gilashi, wasu kuwa zare ne mai laushi, su ne ake cirowa a tekun Bahar Rum tun zamanin da ana wanka da su. A 1907 wani masani a Amurka, H. V. Wilson, ya matse soso mai rai ta cikin ƙyallen siliki har ya koma kamar kunu, ya bar shi a ruwan teku, sai ga ƙwayoyin suna rarrafe suna neman juna suna dunƙulewa har suka fara gina sabon soso. Gwada wannan da wata dabbar ka gani.

Jelifish kifi ne? Kuma da gaske ba shi da ƙwaƙwalwa?

Ba kifi ba ne, Turawa ne kawai suka maƙala masa sunan. Gidansu Nidariya, tare da murjani da furen teku. Jikinsa kamar laima yake, shimfiɗa biyu ce, ta waje da ta ciki, tsakaninsu wani abu mai santsi, kuma kusan kashi 95 cikin 100 na jikin ruwa ne, shi ya sa in igiyar ruwa ta watso shi kan yashi rana ta buge shi sai ka tarar da ɗan tabo kawai. Ƙofa ɗaya gare shi a ƙarƙashin laimar, ta nan yake ci ta nan yake fitarwa.

Ƙwaƙwalwa kam babu, babu zuciya babu jini. Amma yana da jijiyoyi da suka bazu a jikin kamar raga, su suke sa laimar ta dinga buɗewa tana tsukewa. Kada ka raina shi dai, akwai wani iri mai siffar akwati da yake da ido 24, shida-shida a gefe huɗu, wasu idanun har da ƙwayar tara haske irin ta idonmu a ciki, kuma yana kauce wa abu in ya tare masa hanya.

'Yan gidan nan siffa biyu suke zuwa da ita. Ko dai laima mai yawo baki na kallon ƙasa, ko kuma kofi manne a dutse baki na kallon sama hannuwa kewaye da shi. In ka kifa ɗaya ka samu ɗayan, abu ɗaya ne. Jelifish da yawa ma sai sun yi zaman kofin tukuna a ƙuruciya sannan su ɓantaro su zama laima.

Ya ake yi yake harbi alhali ba shi da ƙari kamar kunama?

Igiyoyin nan da suke reto a jikinsa cike suke da wasu ƙananan ƙwayoyi, kowacce da mashi a naɗe a ciki da 'yar kunama irin ta bindiga da ke jira a taɓa. Da zarar fata ta goga sai murfin ya ɓalle mashin ya fito ya huda ya zuba dafi, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba ma, kuma dubbai ne suke tashi lokaci guda. Kowacce sau ɗaya take harbi sai a yi sabuwa. Tunda ba umarnin ƙwaƙwalwa suke jira ba, mataccen jelifish a bakin ruwa ma yana harbi, don haka a daina ɗauka ana hoto da shi. Mafi yawansu zafi ne da ƙaiƙayi kawai, amma mai siffar akwatin nan na arewacin Ostireliya yana kisa, har kwalaben binega ake ajiyewa a bakin tekun can don zubawa a wurin harbin. Maganar wai a yi fitsari a wurin ba ta da tushe.

Murjani ba dutse ba ne?

Dutsen gidansa ne, shi kansa mai gidan wata 'yar mitsitsiyar dabba ce mai siffar kofin da na faɗa. Kowanne yana zuƙo sinadarin alli daga ruwa ya gina ɗan gurbi a ƙarƙashinsa ya zauna, ya tsiro da wani a gefensa, wancan ma ya gina nasa, a haka a haka na baya suna gini a kan na gaba shekara dubbai har a samu tsauni a cikin ruwa. Babban shingen murjani na gabashin Ostireliya tsawonsa ya kai kilomita 2,300, kuma masu ginin da yawansu ba su wuce ƙwayar wake ba.

Sirrinsu wata irin gansakuka ce ƙwaya ɗaya-ɗaya da ke zaune a cikin naman jikinsu, zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka suke yi, ita ta samu mafaka, ta haɗa abinci da hasken rana ta ba shi kaso mafi tsoka. Shi ya sa masu gina tsaunin suke zama a ruwa marar zurfi mai haske. In ruwa ya yi zafi fiye da ƙima na makonni sai murjanin ya kori gansakukar, naman ya koma garau har ana hango farin allin ta ciki, wannan ne farin da ake ta nunawa a labarai. Bai mutu ba tukuna a lokacin, amma yunwa ta kama shi, in zafin ya daɗe ya tafi.

Akwai wani mai kama da jelifish da ke walƙiya kala-kala, shi ma ɗan gidan ne?

A'a, gidansa daban. Layi takwas gare shi na ƙananan gasu jere kamar haƙoran mataji, da su yake tuƙa kansa, kuma launin bakan gizon da kake gani haske ne ke karyewa a jikin gasun in suna kaɗawa. Ba ya harbi, danƙo yake sa wa abincinsa. Masana har yanzu suna ta ja-in-ja a kan ko gidansa ne ya fara rabuwa da sauran dabbobi ko gidan soso.

An ce mana oktofus da katantanwa dangi ne. Ta ina?

Wannan ita ce tambayar da na fi so. Gidansu Moluska, wato masu laushin jiki, kuma dukkansu kayan gini iri ɗaya aka ba su, kowa ne ya yi nasa fasalin. Akwai ƙafa guda ta tsoka, akwai ƙunshin kayan ciki, akwai wata fata kamar mayafi da ta lulluɓe kayan cikin wadda ita ce ke fitar da ɓawo, sai wani harshe mai jerin ƙananan haƙora kamar magagari da suke kankarar abinci da shi.

Katantanwa ta shimfiɗa ƙafar tana ja da ita a ƙasa, ɓawon ya murɗe a bayanta. Wuri ma ɓawon wata katantanwar teku ce. Su kawa kuma ɓawon ya rabu biyu kamar ƙyauren ƙofa, suka haƙura da kai da magagarin gaba ɗaya, suna zaune suna tace ruwa. Shi kuwa oktofus ƙafar ce ta dawo wajen kai ta rarrabu ta zama hannuwa takwas da bututun da yake feso ruwa ya cilla kansa da shi, ɓawon ya yar, mayafin ya zama wannan buhun da mutane suke zaton kai ne alhali cikinsa ne, zuciya da hanji duk suna nan. In kana son shaida ka duba bakinsa a tsakiyar hannuwan, a bayan wani baki mai tauri kamar na aku za ka tarar da magagarin nan irin na katantanwa sak. Kuma akwai ɗan uwansa notilus a tekun Fasifik da na Indiya wanda har yau yana yawo da ɓawonsa a murɗe. Sikwid ma, wani ɗan uwansa mai dogon jiki, bai yar da nasa duka ba, ya mayar da shi ciki ya zama wani siririn abu kamar gashin tsuntsu na roba.

Tunda bakin akun ne kaɗai abu mai tauri a jikin oktofus, duk hujin da bakin zai wuce to shi ma gaba ɗayansa zai wuce. Masu kula da su a gidajen ajiye halittun ruwa sun sha wahalar wannan.

Zuciya uku da shuɗin jini, gaskiya ne ko zuƙi ta malle?

Gaskiya ne. Biyu suna tura jini zuwa gaɓoɓin da yake shaƙar iska da su a ruwa, ta ukun ta tura shi sauran jiki. Jininmu ja ne saboda sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikinsa da ƙarfe aka gina shi, nasu kuwa da jan ƙarfe, shi kuma in ya haɗu da oksijin shuɗi yake komawa. Kaguwa da jatan lande ma haka nasu yake.

Ƙwaƙwalwarsa ce ma abin kallo. Ƙwayoyin jijiya wajen miliyan 500 gare shi, kuma kusan biyu bisa uku ba a kai suke ba, a hannuwa suke, kowane hannu yana taɓawa yana ɗanɗanawa yana yanke ƙananan hukunci da kansa. Maƙogwaronsa kuma ta tsakiyar ƙwaƙwalwar ya ratsa. Ɗan uwansa sikwid yana da wata jijiya mai kauri har kusan milimita 1, wadda wasu masana biyu, Hodgkin da Huxley, suka zura wa waya a Ingila suka gano yadda saƙo ke gudu a cikin jijiya, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1963. Wato abin da likitoci suka sani a kan jijiyar mutum, da sikwid aka fara karanta shi.

Wanne ne ya fi girma a gidan Moluska duka?

A nauyi wani ƙaton sikwid ne na tekun Antatika, wanda masunta suka kamo a 2007 ya kai kilo 495. Akwai wani irin kuma da ya fi shi tsawo, yana kai mita 12, shekara da shekaru gawarsa kawai ake tsinta sai a 2004 masana daga Japan suka samu hotonsa da rai a can ƙasa. A tsawon rai kuma wata kawa ce da aka ciro kusa da Aisilan a 2006, da aka ƙirga layukan ɓawonta shekararta 507.

Lu'ulu'u fa, daga ina yake fitowa?

Daga mayafin nan da ke gina ɓawo. In wani abu ya kutsa cikin naman kawa ya dame ta, sai mayafin ya kewaye shi ya dinga shafa masa irin abin da take shafe cikin ɓawonta da shi, shafi kan shafi har ya zama dunƙule mai sheƙi. Kusan duk wanda ake sayarwa yau mutane ne suke dasa abin da hannu su jira.

Kaguwa ƙashinta a waje yake, to ya take girma?

Saɓa take yi kamar maciji, sai dai nata ya fi wahala. Gidansu Atrofoda, masu ƙafafu gaɓa-gaɓa, gida ɗaya da ƙwari da gizo-gizo da kunama. Jikin sulke ne tun daga ido har farce, kuma sulke ba ya miƙewa. In ya matse ta sai ta gina sabo mai laushi a ƙarƙashin tsohon, ta sha ruwa ta kumbura har tsohon ya tsage ta baya, sannan ta dinga ja da baya tana zare ƙafafu ɗaya bayan ɗaya kamar mai cire safa, har fatar cikin tumbinta sai ta fita. Abin da ta bari za ka ɗauka ka ce matacciyar kaguwa ce, da idonta da komai, sai ka ji ba nauyi ka buɗe ka ga wayam. Ita kuwa tana can ta ɓuya tana jiran sabon ya yi tauri, don a kwanakin nan ko 'yar uwarta ta same ta cinye ta za ta yi. In ta rasa ƙafa a faɗa, a wajen saɓar take maido da ita.

Kaguwa da jatan lande da lobsta, wato wani ƙaton ɗan uwan jatan lande, ƙafa goma gare su in ka haɗa da awartakin gaba, da eriya huɗu. Tsarin cikinsu kuma kamar namu ne aka kifa, zuciya a baya, babbar jijiya ta bi ta ciki. Haƙoran niƙa kuma a cikin tumbi suke.

Waɗannan farare da ke manne a jikin jirgin ruwa da duwatsu, katantanwa ce?

Haka manyan masana ma suka zata, har Linnaeus, tunda ga ɓawo ga zama wuri ɗaya. Banakul ake ce musu. A 1830 wani likitan soja mai suna John Vaughan Thompson ya bi jinjirinsu ya ga ashe irin na su kaguwa ne, mai ƙafafu yana iyo, daga baya sai ya manna kansa a jikin dutse da wani danƙo ya gina ɓawo ya kewaye kansa, ya kwanta a ciki yana miƙo ƙafafu waje yana shuro abinci zuwa baki. Darwin shekara takwas cur ya yi yana feɗe su, daga 1846 zuwa 1854.

Akasin haka kuma akwai wadda ake kira kaguwar kofaton doki, sunan kaguwa ne amma ta fi kusa da kunama da gizo-gizo. Shuɗin jininta yana daskarewa in ya haɗu da gubar bakteriya, shi ya sa ake ɗibarsa ana gwada tsabtar allurai da magunguna.

Tauraron teku ina kansa yake, kuma da me yake tafiya?

Ba shi da kai. Ranar da na fara ganin mai rai a cikin tire na ruwan gishiri, aka kifar da shi aka ce mu zuba ido. Ƙarƙashin kowane hannu akwai kwari, cikin kwarin ɗaruruwan 'yan bututu masu laushi sai motsi suke kowanne da inda ya nufa, kamar taron tsutsa, wallahi sai da tsikar jikina ta tashi. Can sai ya murɗa bakin hannu ɗaya, 'yan bututun suka kama ƙasan tiren, ya jawo sauran jikin a hankali ya yi alkafura ya koma daidai. Ba ƙwaƙwalwa fa, zoben jijiya ne kawai kewaye da baki da reshe a kowane hannu.

Bututun nan su ne ƙafafunsa, kuma da ruwa suke aiki kamar jak ɗin tifa. A bayansa akwai wani ɗan tabo kamar maɓalli mai huji-huji, daga nan hanyoyin ruwa suka ratsa jikin duka, kowace ƙafa da 'yar jakarta, in jakar ta matse ƙafar ta miƙe. Babu wani gidan dabbobi da ke da irin wannan sai su. Ekinodam ake ce musu, masu ƙayar fata, wajen nau'i 7,000, kuma duk a teku suke ba ko ɗaya a kogi ko tudu. Ƙasusuwansu 'yan faranti ne na alli a ƙarƙashin fata, jikin kuma kashi biyar-biyar.

Cin abincinsa ma sai ka gani. Ya rungume kawa ya yi ta ja har ɓawon ya ɗan buɗe, ko tsagon bai kai kaurin farce ba ya isa, sai ya turo tumbinsa waje ta baki ya zura ciki ya narkar da naman a can ya shanye, sannan ya maida tumbin. In hannu ya gutsure wani zai tsiro.

Bushiyar teku da kokwambar teku fa?

'Yan gida ɗaya ne da shi. Bushiyar kamar ka naɗe hannuwan tauraro sama ka ɗinke ne ya zama ƙwallo, ga ƙaya ta ko'ina, a ƙasa kuma haƙora biyar da ake kira fitilar Aristotle, don shi ya fara bayanin su tun zamanin Girkawa. Kokwambar kuwa an ja ta ne ta yi tsawo ta kwanta a gefe. Ta dubura take numfashi, in aka takura mata wasu sukan amayo kayan cikinsu su bar wa maƙiyi su tsiro da sabo, kuma akwai wani siririn kifi da ya mayar da duburar tata ɗakin kwana.

Tsutsotsin teku duk iri ɗaya ne?

Ina, kalmar tsutsa siffa ce kawai, gidaje da yawa ne suke da dogon jiki marar ƙafa. Akwai masu faɗi kamar ganye da ba su da dubura, akwai masu santsi kamar zare, akwai masu zobe-zobe 'yan uwan tana da matsattsaku, su ne suka fi yawa a idon mai kallo, kowane zobe da 'yan filafilai da gashi a gefe. Duk ruwan da ke matse cikin jikinsu ne ƙashinsu.

A 1977 ƙaramin jirgin nutso mai suna Alvin ya sauka wajen mita 2,500 kusa da tsibiran Galafagos, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa ba ɗigon hasken rana, ya tarar da tsutsotsi a tsaye cikin fararen bututu, wasu sun haura mita 2, kawunansu jajur. Da aka feɗe su ba baki ba hanji. Ashe bakteriya suke kiwo a cikin jikinsu, jan kan yana zuƙo oksijin da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya kai musu, su kuma su haɗa abinci da ita.

A cikinsu wanne ya fi kusa da masu ƙashin baya?

Da ido za ka ce oktofus saboda wayonsa, ko kaguwa tunda tana da ido da ƙafa. Ko ɗaya. Tauraron teku marar kai ɗin nan ya fi su kusa, don jinjirinsa dama da hagu gare shi kafin ya juye ya koma biyar-biyar, kuma a ɗan tayinsa ƙofar da ke fara buɗewa dubura take zama kamar yadda yake a masu ƙashin baya, a su kaguwa da katantanwa kuwa galibi baki take zama.

Wanda ya fi kowa kusa kuma ba za ka taɓa kawo shi a rai ba. Wani abu ne kamar 'yar salka manne a dutse da bututu biyu, in ka matsa ya tsarto maka ruwa. A 1866 Kovalevsky ɗan Rasha ya duba jinjirinsa ya ga kamar ɗan kwaɗo ne mai wutsiya, da igiyar jijiya a baya da wata 'yar sanda mai lanƙwasa a ƙarƙashinta, irin sandar da ɗan tayin kifi da na mutum suke da ita kafin ƙashin baya ya maye gurbinta. Kwana ɗaya ko biyu yake iyo, ya manna kansa, ya shanye wutsiyar da sandar ya koma salka. Saboda haka a littafi gida ɗaya aka sa shi da mu.

An gama gano su duka?

Ko kusa. Akwai rajistar halittun teku ta duniya da ake kula da ita a Beljiyam, sunayen da aka tantance a ciki sun haura 240,000 in ka haɗa da kifaye da tsirrai, kuma duk shekara ana ƙara sabbi. Ba ma sabon nau'i kawai ba, wani lokacin gida guda ake tsinta. A 1995 wasu masana biyu daga Denmak, Funch da Kristensen, suka duba gashin bakin wani lobsta da ake kamawa kullum a tekun arewacin Turai, suka ga wata halitta manne a wurin da ba ta kai rabin milimita ba, bakinta zobe ne na gashi tana tsintar burbushin abin da lobstan ya ci. Aka auna ta da duk gidajen da aka sani ba inda ta shiga, dole aka buɗe mata nata.